Ƙullutu a Wuyan Kare: Yadda Ake Gano Sankarar Tayirod da Yadda Ake Yaƙar Ta

A shekarar 1905 wani matashin likita mai suna David Marine ya kama aiki a asibitin Lakeside da ke birnin Cleveland, a jihar Ohio ta Amurka. Tun bai gama sanin lungunan asibitin ba karnukan gari suka ɗauke masa hankali, domin da yawansu wuyansu a kumbure yake, irin kumburin maƙoƙo. Ya duƙufa yana binciken tayirod ɗin karnuka da tumaki har da kifi, sai da ya tabbatar cewa ƙarancin sinadarin aidin a abinci da ruwan yankin ne ke jawo kumburin, kuma ɗan kaɗan daga sinadarin ya isa ya hana shi. A 1917 shi da O. P. Kimball suka gwada abin a kan 'yan mata 'yan makaranta a garin Akron. Cikin fiye da 2,000 da suka sha aidin, 5 kacal suka yi maƙoƙo. Cikin kimanin 2,300 da ba su sha ba, kusan 500 suka yi. Gishirin nan mai aidin da ke kowane kanti daga Kano zuwa Maraɗi, karnukan Cleveland suna da kaso a tarihinsa.

Amma labarin ya juya. Karen da ke cin abincin kamfani, ko ragowar tuwo da miyar da aka sa wa gishiri mai aidin, da wuya ya yi wancan maƙoƙon na da. Yau idan aka kawo tsohon kare da ƙullutu a wuya, aka kuma tabbatar daga tayirod ya tsiro, to sau 9 cikin 10 sankara ce. Mutanenmu sun saba ganin tsohuwa ta shekara 30 da maƙoƙonta tana daka tana surfe, saboda haka kumburin wuya bai cika tayar musu da hankali ba. Suna da hujja kuwa, don mafi yawan ƙullutun tayirod a jikin ɗan Adam ba daji ba ne. Haka abin yake a kyanwa: tsofaffin kuliyoyi na yawan samun ƙarin tayirod, amma fiye da 95 cikin 100 nasu ba mai yaɗuwa ba ne. Kare ne ya fita zakka. Wanda ya auna wuyan karensa da ma'aunin mutum ko na kyanwa, ya ce a bari a gani, watannin da suka fi kowanne amfani yake zubarwa.

Cutar ba gama-gari ba ce. Wasu masu bincike biyu, Wucherer da Wilke, sun tattara bayanan asibitocin koyar da likitancin dabbobi na Amurka daga 1995 zuwa 2005, suka sami karnuka 638 masu ƙarin tayirod, wato kashi 1.1 cikin 100 na dukkan ƙarin da aka rubuta wa karnuka a tsakanin. Likitan dabbobi zai iya shekara bai ga ko ɗaya ba, shi ya sa idan ta zo ake saurin ɗaukar ta maruru ko kaluluwa. Tsofaffi take kamawa, galibi daga shekara 9 zuwa sama, maza da mata daidai wa daida, saɓanin mutane inda mata suka ninka maza kusan sau 3. Jinsunan da suka fi yawa a lissafin asibitocin Turai da Amurka su ne Boxer, Beagle, Golden Retriever da Siberian Husky.

A mafi yawan karnuka ba a iya nuna abu ɗaya a ce shi ya jawo ta, amma akwai sawun da aka bi. A Jami'ar Jihar Colorado an yi shekaru ana kiwon ɗaruruwan karnukan Beagle don nazarin illar tururin nukiliya, aka ga waɗanda tururin ya taɓa tun suna ƙanana sun fi samun ƙarin tayirod, irin abin da aka gani a yaran Yukiren da Belarus bayan fashewar tashar Chernobyl a 1986. A cikin karnukan nan aka kuma lura cewa waɗanda tayirod ɗinsu ya daɗe da raunana sun fi shiga haɗari, wataƙila saboda jiki na ta zuga ragowar naman ya ƙara aiki har wasu ƙwayoyin halitta su kauce hanya. Akwai gado ma. A Holan an sami wani dangin karnukan farauta masu dogon gashi, jinsin Jamus, da sankarar ke bi kaka da kakanni, kuma a 2021 masana a Wageningen da Utrecht suka danganta abin da tangarɗa a ƙwayar gadon da ake kira TPO, wadda ke da hannu wajen ƙera sinadarin tayirod.

Abin da yatsu ke faɗa

Tayirod ɗin kare ɓari biyu ne sirara, ɗaya a dama ɗaya a hagun maƙogwaro, ƙasa kaɗan da zakaran wuya. A mutum wata 'yar gada ce ke haɗa ɓarin biyu. A yawancin karnuka babu ita, kowane ɓari zaman kansa yake yi, abin da ke rage wa mai tiyata aiki. Aikin tayirod shi ne ya tsamo aidin daga jini ya ƙera sinadarin tayiroksin, wanda ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, da bugun zuciya, da ɗumin jiki, da lafiyar gashi. Idan lafiyarsa ƙalau ba a jin sa da hannu sam. Duk lokacin da yatsa ya ji shi, to akwai magana.

Maƙwabtansa ne ke sa lamarin ya yi nauyi. A gefensa babbar jijiyar da ke kai jini ka take, da wadda ke dawo da shi, da bututun abinci, da siririyar jijiyar da ke buɗe zakaran wuya idan za a ja numfashi. A jikinsa kuma wasu 'yan ƙwayoyi 4 ne manne, paratayirod, masu kula da sinadarin kalsiyam a jini. Ƙarin da ya girma a nan ba shi da filin da zai bazu sai cikin waɗannan.

Da farko kare ba ya nuna komai. Yana cin abincinsa, yana kaɗa wutsiya, yana haushin baƙo. Sai ƙarin ya yi girma ake jin tari, haushi ya dishe, haɗiya ta zama da ƙyar, numfashi ya dinga fita da kakari, wani lokaci fuska ta kumbura saboda an danne jijiyar da ke sauke jini. A nan akwai gargaɗin da ya shafe mu fiye da Turawa. Canjin murya da kasa haɗiya da dalalar miyau su ne kuma alamomin ciwon haukan kare, wanda har yanzu yana nan a ƙasashenmu. Bambancin yana cikin lokaci: hauka kwanaki take yi ta kashe, ƙari makonni da watanni yake ɗauka yana tafiya a hankali. Karen da ya wayi gari da waɗannan alamomi kwatsam, musamman wanda ba a yi wa rigakafi ba, kada kowa ya zura masa hannu a baki da sunan neman ƙashin da ya maƙale. A tsare shi, a kira likita.

Idan an kawar da wannan, binciken farko ba ya bukatar ko sisin wutar lantarki. Likita zai ɗaga haɓar karen sama kaɗan, ya sa babban yatsa a gefe ɗaya na maƙogwaro, manuniya a ɗaya gefen, ya zame su a hankali daga zakaran wuya har bakin ƙirji. Da ya ci karo da ƙullutu sai ya kama shi ya ɗan girgiza, ya tura shi sama, ya tura shi gefe. Tambayarsa ɗaya ce: yana zillewa a ƙarƙashin fata, ko ya kafe? Kare mai tsoro kan ɗaure wuya, don haka sau da yawa sai an yi masa allurar kwantar da jiki a sake tattaɓawa, kuma ƙullutun da aka zaci ya kafe yakan saki. Wanda ke zillewa yana nan cikin jakarsa, wuƙa za ta iya ɗauke shi ɗungurungum. Wanda ya kafe ya riga ya sa ƙafa cikin maƙwabta. Abin takaicin shi ne a lokacin da ake kawo karnuka asibiti, tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabi ne kawai ake samu da ƙarin da ke motsi.

Girma ma yana magana. Wani nazari da Leav da abokan aikinsa suka wallafa a 1976, wanda har yau littattafan likitancin dabbobi ke kafa hujja da shi, ya auna ƙarin tayirod a gawarwakin karnuka. Inda ƙarin bai kai kimanin santimita 20 na cika ba, kwatankwacin ɗan lemon tsami, kashi 14 cikin 100 ne aka samu cutar ta yaɗu. Daga nan zuwa santimita 100, kashi 74. Sama da 100 kuwa, duka. Tsarin matakai na Hukumar Lafiya ta Duniya shi ma da faɗi yake aunawa: ƙasa da santimita 2, daga 2 zuwa 5, sai sama da 5, kowanne a raba shi gida biyu, mai motsi da kafaffe. Idan ɓari biyun duka suka kamu, haɗarin yaɗuwa na ninkuwa sosai. Gaba ɗaya, wajen kashi ɗaya cikin uku na karnukan cutar ta riga ta isa huhu ko kaluluwar wuya ranar da aka gano ta.

A ganina wannan shi ne wurin da mai kare a ƙasar Hausa ya fi rauni, kuma ba don rashin kuɗi ba. Mafarauci da makiyayi suna shafa karnukansu, sun san kowane tabo a jikinsu. Amma karen gadi da ke ɗaure a bayan gida, daga nesa ake cilla masa abinci, kuma sai ya shekara hannu bai hau wuyansa ba, duk da cewa a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Ƙarin da gashi ya rufe, ido ba ya ganin sa sai ya wuce girman da ake so a kama shi. Ko ba komai, ranar wanka ko ranar cire kaska dama ce ta bi wuyan da yatsu.

Allura, jini da hoto

Ba kowane ƙullutun wuya ne tayirod ba. Akwai ƙurji mai mugunya bayan cizo ko sartse, akwai jakar miyau da ke taruwa idan hanyarsa ta fashe, akwai kaluluwar da wata sankarar daban ta kumbura, akwai kuma wani ƙari da ke fitowa a mararrabar jijiyar jinin wuya. Don a bambance, akan fara da na'urar sikanin, irin wadda ake duba mai juna biyu da ita. Ƙarin tayirod yana da wata alama da ke fallasa shi: jijiyoyin jini sun yi masa rumfa ciki da waje, kuma idan aka kunna sashen na'urar da ke nuna gudun jini da launi, sai a ga allon ya cika da ja da shuɗi.

Wannan yawan jinin shi ne inda gizo ke saƙa. Akan soka siririyar allura a zuƙo 'yan ƙwayoyi a shafa a gilashi a duba a madubin likita, amma sau tari jini ne kawai ke cika sirinjin. Ko an dace an samo ƙwayoyin, sukan yi kama da na lafiyayyen tayirod, har mai dubawa ya kasa cewa daji ne ko ba daji ba. Allurar dai na iya tabbatar da cewa daga tayirod abin ya fito, wannan ma ci gaba ne. Amma yanko tsoka da wuƙa ko da allura mai kauri don gwaji, wanda ake yi wa sauran ƙari ba tare da fargaba ba, a nan likitoci na gudun sa, saboda jinin da zai ɓalle na iya gagarar tsayarwa. Hakan ya isa ya nuna haɗarin sakiya ko tsaga da wani masanin gargajiya zai yi wa irin wannan kumburi da zaton ruwa ne ya taru.

Gwajin jini shi ma yana iya yaudara. Mai kare kan yi tsammanin idan tayirod ya lalace dole awon sinadarinsa ya nuna. Ba haka ba ne. Kimanin kashi 60 cikin 100 na karnukan awonsu daidai yake, wajen 30 ya yi ƙasa, 10 ne kawai ya haura. Waɗannan 'yan kaɗan su ne ke shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, su yi ta fitsari, su ci kamar gara amma suna ramewa, suna haki ko da sanyin safiya. Kafin a ɗora wa ƙari laifi ma akwai tambayar da ya kamata likita ya yi: me karen ke ci? Wanda ake sayo wa maƙogwaro da naman wuya daga kwata yana haɗiye tayirod ɗin saniya ko rago tare da naman, sinadarin ya hau jininsa, ya nuna duk waɗannan alamomi alhali wuyansa lafiya lau. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka bayan an sami sinadarin a wasu abincin karnuka na gwangwani. Da an canja abinci abin ke wucewa.

Daga nan sai hoton ƙirji, ta fuska uku, don neman ɗige-ɗige a huhu. Inda akwai na'urar siti-sikan ta fi, domin tana ganin ƙananan ɗigon da hoton ƙirji ke tsallakewa, tana kuma nuna ko ƙarin ya naɗe jijiya ko ya kutsa cikinta. A manyan cibiyoyi akwai wani hoton na daban: a yi wa kare allurar sinadarin teknetiyam, wanda ƙarfin tururinsa ke raguwa da rabi duk awa 6, naman tayirod ya zuƙe shi kamar yadda yake zuƙar aidin, kyamara ta nuna duk inda naman yake a jiki.

Wannan hoton ne ke tona asirin nau'in da ya fi kowanne wuyar ganewa. Tun kare na cikin uwarsa, tayirod daga gindin harshe yake tsirowa, sannan ya gangara zuwa mazauninsa a wuya. A hanya yakan bar ɓurɓushi, wani ɓurɓushin ma ya zarce har cikin ƙirji kusa da zuciya, kuma kusan rabin karnuka na ɗauke da irin wannan ragowar ba tare da wata illa ba. Amma ita ma tana iya rikiɗa ta zama sankara. Sai a ga kare da kumburi a ƙarƙashin harshe, ko ruwa ya taru a jakar zuciya, alhali tayirod ɗin wuya ƙalau. Broome da Peterson da Walker sun ba da rahoto a 2014 cewa cikin karnuka 544 masu ƙarin tayirod da suka duba, 41 a ƙarƙashin harshe nasu yake. Irin wannan yakan ci ƙaramin ƙashin da ke riƙe da harshe da zakaran wuya, kuma likitocin tiyata sun nuna ana iya cire shi tare da wani sashe na ƙashin, karen ya koma ci da sha.

Akwai kuma nau'in da ba daga ƙwayoyin da ke ƙera tayiroksin yake fitowa ba, daga wasu ne da ke tsakankaninsu masu ƙera sinadarin kalsitonin. An daɗe ana ɗaukar sa abu mai wuyar samu ƙwarai, sai da aka fara rina naman da rini na musamman, wani nazari na 1995 ya nuna ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Yakan zauna cikin jakarsa fiye da ɗan'uwansa, amma ba ya zuƙar aidin, kuma wannan na da tasiri idan aka zo zaɓen magani.

Wuƙa

Idan ƙarin na motsi, babu abin da ya kai tiyata. Akan kwantar da karen rigingine bayan allurar barci, a tokare wuyan da naɗaɗɗen tawul don ya miƙe, a aske daga haɓa zuwa ƙirji, a tsaga fata a tsakiya, a raba tsokoki biyun da ke rufe maƙogwaro. Sai ƙarin ya bayyana, ja-ja mai duhu, jijiyoyi sun kumbura sun kewaye shi. Daga nan aikin haƙuri ne. Kowace jijiya a ɗaure ta kafin a yanke, a lallaɓa a ware jijiyar zakaran wuya gefe, a duba ko ƙarin ya zura wutsiya cikin jijiyar da ke fita daga gare shi, a leƙa ɗaya ɓarin, a tattaɓa kaluluwa. Likita mai hankali ba ya fara wannan aiki sai ya san inda zai sami jinin ƙari. Darasin tsoho ne: Theodor Kocher na birnin Bern a Suwizalan ya sami kyautar Nobel a 1909 ne saboda ya mai da tiyatar maƙoƙo, wadda a da jini da ruɓewa ke kashe mutane da yawa a cikinta, aikin da bai kashe ko mutum 1 cikin 100 ba, ta hanyar tsafta da ɗaure jijiya ɗaya bayan ɗaya.

Jikin kare na da juriya mai ban mamaki a nan. Idan ta kama dole, ana iya sadaukar da manyan jijiyoyin jinin wuya na gefe ɗaya, karen ya rayu lafiya, domin ɗaya gefen na ɗaukar nauyin. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a lalata jijiyar zakaran wuya ta gefe biyu, don numfashi zai toshe. Wani nazari na 2019 a kan karnuka 156 da aka cire wa ɓari ɗaya ya nuna 153 sun fita asibiti da ransu, kusan 1 cikin 5 ya sami wata tangarɗa, mafi yawa zubar jini, kuma rabinsu sun wuce kwana 911 a raye. Binciken Klein na 1995 a kan karnuka 20 masu ƙari mai motsi ya sami fiye da shekara 3 idan aka cire waɗanda wani abu daban ya kashe. Ga karen da ya riga ya shekara 10, wannan kusan ragowar rayuwarsa ce gaba ɗaya. Kafaffen ƙari kuwa, idan wuƙa kaɗai aka sa masa, wata 6 zuwa 12 ake magana.

Idan ɓari biyun aka cire, tsugune ba ta ƙare ba. 'Yan ƙwayoyin paratayirod kan tafi tare da ƙarin, kalsiyam ya faɗi cikin 'yan kwanaki, karen ya fara goga fuska a ƙasa, jiki na rawa, har ya kai ga farfaɗiya. A rahoton Tuohy na 2012, cikin karnuka 15 da aka yi wa haka 11 sun sami faɗuwar kalsiyam. Duk da haka rabinsu sun haura wata 38, saboda an bi su da awon jini da kalsiyam da bitamin D. Wasu likitocin kan tsamo ƙwayar paratayirod ɗaya su dasa ta cikin tsokar wuya don ta ci gaba da aiki.

Idan ya kafe

A nan ne ake komawa ga gashi, wato gasa ƙarin da na'urar tururi. Théon da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun wallafa a 2000 sakamakon karnuka 25 da ƙarinsu ya gagari wuƙa, aka gasa su sau 12, kowane zama da allurar barci don kada su motsa. Bayan shekara 1, kashi 80 cikin 100 ƙarin bai ci gaba ba. Bayan shekara 3, kashi 72. Sai dai ƙarin tayirod ba ya gaggawar motsewa. Ya ɗauki wata 8 zuwa 22 kafin ya kai iyakar ƙanƙancewarsa, don haka mai karen da ya koma gida bayan wata ɗaya ya ga ƙullutun na nan, kada ya ce an ci kuɗinsa. Fatar wuya kan yi ja ta saluɓe na ɗan lokaci, maƙoshi ya yi zafi, daga baya kuma ragowar tayirod na iya daina aiki.

Hanya ta biyu ta fi dabara. Tunda naman tayirod ne kusan kaɗai ke zuƙar aidin a jiki, sai a ba shi aidin mai tururin nukiliya ya zuƙa ya ƙone kansa daga ciki, har da wanda ya gudu huhu. Saul Hertz ne ya fara yi wa mutane wannan a Boston a 1941, Samuel Seidlin kuma ya ba da rahoton amfani da shi a kan sankarar da ta yaɗu a 1946. A karnuka, nazarin Worth na 2005 a Ostireliya ya sami wata 30 ga waɗanda aka ba aidin ɗin kaɗai, wata 34 idan an haɗa da tiyata, wata 3 ga waɗanda ba a yi wa komai ba. Na Turrel na 2006 a kan karnuka 39 ya sami kwana 839 ga waɗanda cutar ba ta yi nisa ba, 366 ga waɗanda ta yaɗu, amma 3 sun mutu saboda tururin ya kashe musu ɓargo. Wahalar ita ce karen da kansa ya zama abin gudu na ɗan lokaci. Ƙarfin wannan aidin sai bayan kwana 8 yake raguwa da rabi, fitsari da kashi da miyau duk suna ɗauke da shi, dole a killace karen a ɗaki na musamman, mai ba shi abinci ya shiga da na'urar awo a ƙirji ya fito da sauri. Cibiyoyin da ke da lasisin yi wa kare wannan 'yan kaɗan ne ko a Amurka.

Allurar kemo, irin su doksorubisin da sisplatin, tana rage ƙarin a wasu karnuka, amma ba a nuna tana ƙara kwana bayan tiyata mai kyau ba. Wanda ya fi jan hankali shi ne ƙwayar Palladia, maganin daji na farko da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi musamman don karnuka, a 2009, asali don wata sankarar fata. Yana toshe saƙon da ƙari ke aikawa don a shimfiɗa masa sababbin jijiyoyin jini, abin da ƙarin tayirod ya dogara da shi ƙwarai. A rahoton Cheryl London na 2012, karnuka 12 cikin 15 masu sankarar tayirod sun amfana, galibi ta hanyar tsayawar ƙarin, ba ɓacewarsa ba. Yana kawo zawo, rashin cin abinci da hawan jini, ga tsada.

Mai karatu ya lura da ƙanƙantar waɗannan alƙaluma: 15, 20, 25, 39. Kusan duk waiwaye ne cikin tsofaffin fayiloli, ba gwajin da aka raba karnuka gida biyu aka kwatanta ba, kuma karnukan da suka kai ga irin waɗannan cibiyoyi na masu hali ne da suka riga suka sami kulawa. Alƙaluman na nuna alƙibla, amma likitan da ya mai da su alkawari ya wuce gona da iri. Abu ɗaya da kusan duka suka yi tarayya a kai shi ne cutar nan ko ta isa huhu tafiyar hawainiya takan yi, kuma kare mai ɗigo a huhu zai iya yin watanni da yawa yana ci yana wasa. Ganin ɗigo a hoto bai isa dalilin yanke hukunci a ranar ba.

A Najeriya da Nijar, inda na'urorin gashi na mutane ma ba su wadata ba, maganar gasa kare ko ba shi aidin mai tururi labari ne na nesa. Abin da ke hannu shi ne sikanin, hoton ƙirji da wuƙa, kuma tiyatar ƙananan dabbobi aikin yau da kullum ne a asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. Sa'ar da aka yi ita ce maganin da ya fi kowanne aiki shi ne wanda muke da shi, muddin ƙarin na motsi. Duk abin da aka ciro a sa shi cikin ruwan fomalin a aika ɗakin gwaji, don a can ne kawai za a tabbatar da nau'insa, da ko an cire shi tas, da ko ya fara shiga jijiya. Karen da ƙarinsa ya kafe har numfashi na gagara, ba kuma hanyar gashi, abin da ya rage shi ne maganin zafi, abinci mai laushi, a cire masa sarƙar wuya a koma ɗaurin ƙirji, sannan mai shi da likita su yi magana ta gaskiya a kan ranar da wahalar za ta fi ƙarfinsa.

Wanda aka yi wa tiyata kuma akan dawo da shi duk bayan wata 3 a shekarar farko, a tattaɓa wuya, a ɗauki hoton ƙirji, daga baya a tsawaita tazarar. Idan ɓari ɗaya aka cire, ɗayan yakan wadatar. Idan biyu ne, zai sha ƙwayar tayiroksin har ƙarshen ransa, kuma a nan ma ma'aunin mutum ba ya aiki. Hanjin kare ba ya tsotse maganin sosai, jikinsa kuma na saurin kawar da shi, saboda haka akan fara masa da kimanin maikirogiram 20 a kowane kilo na nauyinsa, alhali babban mutum bai cika wuce 1.6 a kilo ba. Kare mai kilo 30 zai sha wajen maikirogiram 600 a tashi ɗaya, ninki 5 ko 6 na abin da maigidansa zai sha da shi ne mara lafiyar. Mai sayar da magani da ya ga takardar zai iya zaton likita ya yi kuskuren sifili, don haka gara a gaya masa tun farko cewa na kare ne, a kuma ajiye kwalbar nesa da inda mutanen gida ke ajiye nasu.